Yaya, dakata da maganar allon lantarkin nan

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Anti da yara. A gaishe min da Hajiya, a ce mata sanyin bana da sauƙi.

Saƙonka na murya ya same ni a cikin bas zan tafi aiki. Ka ce in tambayo maka kuɗin allon lantarki, wanda ake rubutu a kai da yatsa, guda uku, tunda makarantar bayan layinku ta kafa ɗaya iyayen yaran makarantarka suka dame ka. Na tambayo. Mai inci 65 ya haura fam dubu, kuma sai ƙarti biyu ke iya ɗaga shi. Amma kafin ka taɓa kuɗin makaranta, bari ka ji abin da na gani a shekara biyun da na yi ina taya malamar aji aiki a wata firamare a nan Bradford.

Duk ajin da na leƙa akwai shi. Tun wajajen 2003 gwamnatin Ingila ta zuba kuɗi aka cika makarantu da su, yawanci na kamfanin SMART daga Kanada, ko na Promethean da ya samo asali a Blackburn, nan kusa da mu. Na da sai da majigi a rataye a silin yana haska su, na yanzu kuwa gilashi ne kamar ƙatuwar talabijin. Malama ta jawo taswira, ta bi kogi da yatsa, ta kunna ɗan bidiyon BBC Bitesize kan yadda ruwa ke zama girgije. Ranar farko baki na saki, ba zan ɓoye maka ba.

Wata Litinin namu ya ƙi tashi. Malamar ta tura saƙo ta kwamfuta, kafin a fita cin abinci wani saurayi ya shigo da jakarsa, ya canza waya ɗaya, ya tafi. Aikinsa ke nan, akwai kuɗinsa a kasafin makaranta duk shekara. Kowane fulogi a ajin maƙale yake da 'yar takarda mai nuna ranar da aka gwada shi. Wuta ba ta taɓa ɗaukewa ba tun zuwana, ƙura babu, kuma doka ta hana ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 wuce yara 30. Ka tuna majigin da aka kawo makarantarmu muna aji biyar? Zango ɗaya ya yi. Ƙurar hunturu ta toshe masa hanyar iska, ya yi zafi, ƙwan ya ƙone, aka nema a Sabon Gari ba a samu ba, ya ƙare a saman kabad ɗin shugaban makaranta an rufa masa ƙyalle.

Abin da malamar nan ta fi ji da shi ma wani ne daban. 'Yar kyamara ce mai dogon wuya kamar zalɓe, a kan teburinta, tana kallon ƙasa. Bizuwalaiza suke ce mata. Jiya ta karɓi littafin wani yaro ta sa a ƙarƙashinta, sai ga lissafinsa ɓaro-ɓaro a bango, kowa ya ga inda ya manta da ɗayan da ya ajiye a ka. Ta gyara da jan biro suna kallon bakin biron yana tafiya. Haka ta fasa ƙwayar wake da aka jiƙa, na can baya ma suka ga ɗan tsiron. Ba ta kai fam ɗari ba, ba ta buƙatar intanet, ana haɗa ta da kwamfuta ko talabijin kawai. Ka duba yadda malamin Islamiyyarku zai koyar da rubutun Larabci da ita.

Sai wani abu da ya ba ni dariya. Kowane yaro na da ɗan farin allonsa na roba da alƙalami mai gogewa. Malama ta jefa tambaya, su rubuta, ta ce a ɗaga, cikin ƙiftawar ido ta san wa ya gane wa bai gane ba. Har horo ake yi wa malamai a kan wannan. Na ce mata mu tun kakannin kakanni da allo a cinya muke karatu.

Akwai wata yarinya mai matsalar ji, malama na rataya ɗan makirfo a wuya, muryarta ta tafi kai tsaye cikin na'urar kunnen yarinyar. Kai da ke da yara saba'in a aji, lasifika mai caji irin ta masu tallan magani a kasuwa za ta ceci maƙogwaron malamanka.

Ba ko'ina suka fi mu ba. Abu in ya lalace a nan sau da yawa yar da shi ake yi, don kuɗin gyara ya kusa na sabo, alhali yaran kasuwar waya ta Farm Centre a Kano za su buɗe shi su tashe shi kana zaune. Kuma safiyar da allon ya mutu, malamar ta rikice ƙwarai, darasinta duka yana ciki. Namu da guntun alli sai ya kai ka har Misira ya dawo da kai. A kullen korona na 2020 ma, nan makarantar intanet suka buɗe mai suna Oak National Academy, yaron da ba kwamfuta a gidansu ya sha wuya, Kano kuwa ta rediyo aka bi.

Shawarata, ka fara da sola da batir mai kyau, talabijin babba ɗaya da za a riƙa turawa aji-aji a kan teburi mai taya, da rigar leda ta rufe ta saboda ƙura. Ka sa kafinta ya yanko maka ƙananan alluna. Kyamarar ni zan saya, guda biyu. Fulogin nan da na gida iri ɗaya ne, mai ƙafa uku, ba sai ka nemi wani abu ba. Akwai mai tahowa Kano a Disamba, zan ba ta. Ka turo min hoton bayan talabijin ɗin ofishinka in ga irin ramukan da ke jiki.

Ƙanwarka.