Equinox 800 a baƙin yashin Limbe: tana aiki, amma sai an rage mata wuta

Duk mai niyyar shiga bakin tekun Limbe, a ƙasar Kamaru, da na'urar gano ƙarfe, ya fara jefa maganaɗisu a aljihu. A naɗe shi cikin leda, a ja shi a kan busasshen yashi kamar taku biyu, sannan a ɗaga a duba. Idan ɗan gari kaɗan ya kama, wurin da sauƙi. Idan kuwa ya fito da gemu baƙi ƙirin yana ƙyalli, to a manta da zurfin da aka saba samu a farin yashi. Gemun nan magnetayit ne, wato ma'adinin baƙin ƙarfe. Limbe tana gindin Dutsen Kamaru mai aman wuta, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma ko a 1999 narkakken dutse ya gangaro har kan titin gaɓar teku a wajen Bakingili. Irin wannan dutse ne ruwa ya niƙe ya zama yashin wurin. Ba kowane baƙin yashi ke kama maganaɗisu sosai ba, shi ya sa ido kaɗai ba ya isa.

Na'urar da nake magana a kanta ita ce Equinox 800 ta kamfanin Minelab, wadda ta fito a 2018. Nauyinta kilo 1.34, faifanta, wato zagayen da ake sharawa a kan ƙasa, inci 11, tana shiga ruwa har mita 3, caji ɗaya kuma yana kai kusan awa 12. Abin da ya sa ta dace da wannan aiki shi ne tana aika sigina a mita da yawa a lokaci guda (mita a nan saurin kaɗawar sigina ce, da kilohaz ake auna ta), ban da waɗanda ake iya zaɓa ɗai-ɗai, irin su kilohaz 5, 10, 15, 20 da 40.

A jiƙaƙƙen baƙin yashi abokan gaba biyu ne, gaba kura baya sayaki. Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki, sai na'ura ta ji shi kamar wani siririn ƙarfe da aka shimfiɗa ko'ina. Magnetayit kuma yana jan maganaɗisu, sai ta ji shi kamar tarin ƙusa. A ma'aunin daidaita na'ura da ƙasa, ɗaya yana wannan ƙarshe, ɗayan yana wancan. Na'ura mai mita ɗaya guda ɗaya kawai take iya kashewa: ka daidaita ta da gishiri, ƙarfen ya yi ta kuka, ka daidaita ta da ƙarfen, gishirin ya taso. Mai mita da yawa tana kwatanta amsar da kowace mita ta dawo da ita, ta cire na gishirin, ta ji da sauran. Shi ya sa a tsarinta na bakin teku, Beach 1 da Beach 2, ba a ba ka damar zaɓar mita ɗaya ba ma. Masu neman zinare a jar ƙasar Zamfara ko a Djado ta Nijar sun san rabin wannan matsala, domin marmara ma haka take sa na'ura surutu. Gishirin ne ba su da shi.

Ga yadda take zama lafiya. A kunna ta a Beach 1 idan a busasshe ko ɗan jiƙaƙƙen yashi ake, Beach 2 idan ruwa yana taɓa faifai. A ɗaga faifan sama a bar ta ta zaɓi tashar da ba hayaniyar lantarki. Sai a nemi wuri mai tsabta, a danne maɓallin daidaitawa, a riƙa ɗaga faifan kamar santimita 15 ana sauke shi kusa da yashi har lambar ta tsaya. A sake wannan duk lokacin da launin yashi ya canza ko aka sauka daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe. Ƙarfin jinta daga 1 ne zuwa 25, tana zuwa a 20. A baƙin yashi 20 ta yi yawa. A riƙa ragewa ɗaya-ɗaya ana shara har surutun ya koma jefi-jefi; galibi tsakanin 14 da 17 ake tsayawa. Mutane ba sa son wannan, gani suke an rage musu zurfi, alhali kamar kunna babbar fitilar mota ce cikin hazon hunturu, hasken kai yake dawo wa. Saurin murmurewa, wato yadda take sakin sauti ɗaya ta kama na gaba, a bar shi a 6, ko a kai 7 inda ƙasa ta yi tsanani. Wanda ya sauke shi zuwa 3 don neman zurfi ƙarar ƙasa kawai zai ƙara wa kunnensa.

Wani abu da ta burge ni da shi: idan baƙin yashin ya fi ƙarfinta, da kanta take rage wutar da take aikawa, wata alama ta fito a allo. Alamar ba lalacewa take nufi ba. Idan ta ƙi ɓacewa, a ɗaga faifan kamar yatsa biyu daga yashi a ci gaba. Ana asarar wannan ɗan tazarar, amma sautin yana fitowa fes.

Inda aikin yake da daɗi kuma da ban haushi shi ne layukan nan mafi baƙi da igiyar ruwa ke bari idan ruwa ya janye. Igiyar ruwa bakace take yi, kamar mace da faifai: mara nauyi ya tafi, mai nauyi ya zauna. Farin yashi na yau da kullum ya ninka nauyin ruwa sau 2.65, magnetayit sau 5 da ɗan wani abu, tsantsar zinare sau 19.3. Ke nan inda baƙin ya taru ya yi kauri, nan dalmar masunta da tsabar kuɗi da zobba suke taruwa. Wurin da na'urar ta fi wahala shi ne wurin da kayan suke. Kuma a nan ne lambobin allo, masu nuna irin ƙarfen da na'urar ta ji, suke yaudara. Ma'auninta daga -9 ne zuwa 40. Daga sifili zuwa ƙasa baƙin ƙarfe ne. Zoben da zai nuna 12 a tafin hannu, idan ya nutse cikin wannan yashi sai ƙarfen da ke kewaye da shi ya ja lambar ƙasa, ta riƙa tsalle tsakanin 2 da -3, sautin rabi zaƙi rabi gurnani. Wanda ya bar na'urar tana toshe lambobin ƙarfe zai wuce shi bai ji komai ba. Don haka a danna maɓallin mai siffar kofaton doki a buɗe dukkan sautuka, a sauke ma'aunin zargin ƙarfe, wato saurin ɗaukar abin da take shakka a kansa a matsayin baƙin ƙarfe, daga 6 zuwa 1 ko 2. Duk sautin da ya maimaita kansa daga ɓangare biyu, a kwashe yashi kamar santimita 5 daga sama a sake shara. Idan lambar ta hau ta tsaya, a tona. Idan ta ƙara nutsewa ƙasa, ƙusa ce ko ƙugiya. Duwatsun aman wuta kuwa sukan nuna -9 ko -8, sautinsu faɗi gare shi ba shi da tsakiya, kuma da ƙafa ake ture su.

Shara ma da ƙa'idarta. A bi tsawon gaɓa, ba a nufi ruwa a dawo ba, domin danshi da kaurin baƙin yashi suna canzawa ne daga tudu zuwa ruwa, kuma kowane canji na'urar sai ta yi magana. Faifan ya tafi a kwance. Ɗaga shi a ƙarshen shara shi ke kawo ƙarar ƙarya a dama da hagu. Ƙaramin faifai mai inci 6 ya fi babban natsuwa a layukan nan saboda yashin da yake gani kaɗan ne, sai dai zai ci maka lokaci. Babban mai inci 15 a bar shi a gida.

Zurfi fa? Kowa ya gwada da kansa, ya fi a ba shi labari. A ɗaure zobe da zare, a binne shi santimita 10, sannan 15, sannan 20, a cikin layi mafi baƙi, a kuma yi haka a inda yashin ya fi haske. A mafi munin wuri kada a yi mamaki idan kusan rabin zurfin ya tafi. Wannan halin duk na'urorin da ke aika sigina ba yankewa ne. Na'urori masu aika wuta bugu-bugu da ake kira PI, irin su Sea Hunter Mark II ta Garrett, dabararsu daban: su buga, su yi shiru na ɗan ƙiftawa har amsar gishiri da ta yashi ta mutu, sannan su saurari ta ƙarfe da ke daɗewa. A baƙin yashi mai kauri sun fi nutsawa. Kuɗin da ake biya shi ne tono: ƙusa, waya, murfin kwalba, duk sai ka haƙa, ga siririyar sarƙar zinare tana iya wuce su. A gaɓar da jiragen masunta ke tsayawa, inda tarkacen ƙarfe ya yi yawa, na fi son Equinox nesa ba kusa ba. A gaɓar da ba kowa sai baƙin yashi tsantsa, PI ce.

Gaɓar da ke gaban otal a nemi izinin masu wurin kafin a fara, a kuma cike kowane rami. Cikin ruwa, abin kunne mara waya ba ya aiki da zarar kan na'urar ya nutse, sai mai waya na shiga ruwa.

Bayan an tashi, a ɓalle murfin robar da ke ƙarƙashin faifai a wanke shi. Cokali ɗaya na baƙin yashi idan ya maƙale a ciki yana motsi da kowace shara, gobe ka yi ta rage ƙarfin ji kana zargin gaɓa. A zare sandar gaɓa-gaɓa a ɗauraye da ruwan famfo tun gishiri bai bushe a maɗaurai ba. Bakin wayar cajinta maganaɗisu ne, da ta taɓa yashin nan sai ta yi gemu irin na gwajin farko, cajin ya ƙi shiga. Tsohon buroshin haƙori busasshe yana cire shi, kuma sai wurin ya bushe sarai sannan a jona.