Hattara da mai tallar "irin fan" a ƙullin leda

Jama'a, musamman 'yan uwana mata masu son jera tukwanen shuka a baranda, ku tsaya ku ji. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar abin da ya kira "irin fan", wato tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu, wanda sabon ganyensa ke fitowa a nannaɗe kamar wutsiyar hawainiya. Hotunansa kuwa ba a magana: ga shuɗi, ga ruwan hoda, har da mai launin bakan gizo. Ni dai na faɗa hannunsa, kuma ba zan ɓoye ba.

Naira 7,500 na tura masa, har da kuɗin mota. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni tasha, ya miƙo min ambulan. A ciki akwai 'yar leda kamar ƙullin yaji, da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe masu sheƙi. Na cika tukwane uku da ƙasa mai taki, na barbaɗa, ina ban ruwa safe da yamma. Kwana biyar sai ga tsiro, baki har kunne. A sati na uku maƙwabciyata ta shigo aron turmi, ta tsaya ta ƙura wa tukwanen ido, ta ce, "Hajiya, yanzu alayyahu ne har da tukunyar fulawa?" Alayyahun ne kuwa.

Da na kai kukana wurin wani dattijo mai lambun fulawa a bakin titi nan Kaduna, sai da ya gama dariyarsa, sannan ya juya min bayan ganyen fan na gaske. Wasu ɗige-ɗige ne ruwan ƙasa, a jere reras. Ya ce, "'Yata, wannan tsiron ba ya fure, ba ya 'ya'ya, to ƙwayar daga ina?" Daga cikin ɗigon nan wata ƙura ke fita, ta fi garin lalle laushi, da ita yake yaɗuwa. Kuma ko ƙurar ka samu, ba ganye take fara fitarwa ba. Wani ɗan koren abu ne ke shimfiɗuwa a kan ƙasa, bai kai farcen ɗan yatsa ba, mai siffar zuciya, sai an rufe shi cikin danshi na makonni ko watanni kafin ganyen farko ya leƙo. Kafin ya cika tukunya, shekara ce ko fiye. Saboda haka duk wanda ya nuna miki ƙwayar da ake ƙirgawa da hannu ya ce ta fan ce, ƙarya yake yi, ko shi ma an cuce shi. Launukan nan na hoto kuma aikin waya ne.

Fan ɗin da aka fi gani a gidaje, mai ganye yana zubowa daga tukunyar ratayawa, shi ake kira fan na Boston, kuma ta raba saiwa ake yaɗa shi. Mai kama da ƙahon barewa kuwa a jikin bishiya yake rayuwa, a dazuzzukan kudu masu ruwa, ba a cikin ƙasa ba.

Na koma wa mai tallar da hoton alayyahuna. Ya ce wai hunturu ne ya "canza" irin, in ƙara 3,000 ya aiko da maganin gyarawa. Hunturu na busar da bakin ganyen fan, wannan gaskiya ne, amma ban taɓa jin iskar da ke mayar da shuka kayan miya ba. Da na ce ya dawo min da kuɗina, ya toshe ni. Sati biyu bayan nan na gan shi da sabon suna, hotunan nan dai, lambar asusun ma ita ce.

Wata a zaurenmu kuma tukunya ya aiko mata, kore shar. Kwana shida ta yi yaushi. Da ta zazzage, ashe ganye ne aka yanko aka soka a ƙasa, babu saiwa ko ɗaya, kuma ganyen fan na Boston da aka yanke ba ya kamawa.

In za ki saya, je ki lambu da ƙafarki. Ki sa a zare tsiron daga leda ki ga saiwa ta riƙe ƙasar, ki leƙa tsakiya ki ga sabon ganye a nannaɗe. A gida ki ajiye shi inda haske ke shiga amma rana ba ta dukansa, kada ƙasar ta bushe ƙayau, kada kuma ruwa ya kwanta a gindin tukunya.

Na kai ƙorafi banki da shaidar tura kuɗin, na kuma kai rahoton shafin nasa, har yanzu dai shiru. Alayyahun kuwa mun yi miyar taushe da shi ranar Juma'a.