Gidan kyamara na roba ko na alminiyam, wanne ya fi?

Ɗan uwa ka tambaya wanne zaka saya tsakanin gidan kyamara (akwatin da ke hana ruwa taɓa kyamara) na roba da na alminiyam tunda zaka je nutso a Dahab bakin Bahar Maliya, kuma kace takardarka ta shaidar nutso ta matakin farko ce, wato iyakarka mita 18.

Na roba irin na Ikelite yana kaiwa mita 60, PT-059 na kyamarar Olympus TG-6 kuma mita 45, kaga duk sun wuce inda zaka je. Ba nauyi a jaka, kuɗinsa da dama-dama, kuma in bayansa garau ne kana hango ɗigon ruwa tun kafin ya taɓa kyamara. Matsalarsa gumi ne, in ka barshi a rana kan jirgi sannan ka shiga ruwa sai gilashin ya yi hazo daga ciki, shikenan hoton ranar ya tashi. Rufe shi a ɗaki mai AC, ka jefa ƴar jakar silika mai tsotse danshi ciki, a jirgi kuma lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul.

Na alminiyam kamar Nauticam har mita 100, maɓallansa sunfi daɗin dannawa, bai cika gumi a gilashi ba saboda raɓar jikin ƙarfen take kamawa, amma fa akwai nauyi, tsada kam sau da yawa yafi kyamarar kanta.

Ni dai na roba zance ka saya, don gaskiya yawancin ruwan da ke shiga ta zoben O-ring, wato zoben robar da ke toshe bakin murfin, yake bi, kuma dukansu biyun suna da shi. Gashi ɗaya ko ƙwayar yashi ya isa ya kashe maka kyamara wallahi. Ka zare zoben da kati, banda wuƙa ko allura, ka goge ramin, ka duba da tocila, giris ɗin silikon ɗan kaɗan yadda zai yi sheƙi kawai, in ka lafta yashi zai kwasa. In da halin famfon zuƙe iska ka ƙara kuɗi ka saya, shi ke gwada ko gidan ya rufu ruf, fitilarsa ta nuna kore kafin ka shiga.

Don Allah kar ka yi tsalle da shi a hannu, shiga tukuna a miƙo maka, ka maƙala igiyarsa a rigarka. Sama-sama ruwa bai gama matse zoben ba, nan ne yafi yoyo, shiyasa ba a barinshi shi kaɗai cikin bahon wanke kayan nutso ana buga masa wasu kyamarori. Kana fitowa tsoma shi a ruwan daɗi kana danna kowane maɓalli gishiri ya fita, ka goge shi ya bushe, kai ma ka goge hannu da gashinka kafin ka buɗe.