Faffaɗan allon zamiya a tsaunukan Faransa

Wanda ya tashi a Argungu kamar ni bai san dusar ƙanƙara ba sai a hoto, amma karatu ya kai ni Faransa, har na yi hunturu biyu ina gwada allunan zamiya, wato dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa don zamewa a kan dusar ƙanƙara, a Shamoni, garin da ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924.

Allunan da na yi haya faɗin tsakiyarsu milimita 112 ne, alhali na tsere a kan tafarki, wato hanyar dusar da aka gyara don zamiya, ba su cika kai milimita 70 ba. Amfanin faɗin shi ne abin da tafin raƙumi yake yi a kan rairayi: nauyin mutum yana bazuwa, ƙafa ba ta nutsewa. Bakinsu kuma a ɗage yake kamar goshin kwalekwalen masunta a kogin Matan Fada, don haka da na shiga dusar da ta zuba cikin dare, mai laushi kamar garin gero, sai na ji suna ɗaga ni sama maimakon su caka ƙasa.

A kan tafarkin da ya daskare kuwa, sun ba ni wahala, domin karkata su zuwa gefe yana cin ƙarfin gwiwa, kuma ɗaukarsu a kafaɗa ba ƙaramin aiki ba ne. Ɗan koyo ya haƙura da su tukuna. Wanda ya ƙware kuma zai bar tafarki, dole ne ya riƙe shebur da na'urar gano wanda dusa ta binne, kuma ya tafi da jagora.