Makarantar da na yi, na kuma kai ɗana: ga abin da na gani

Ba zan kama sunanta ba, don cikin maganata akwai mai ɗaci. Tana dai cikin tsoffin sakandaren gwamnati na cikin garin Sakkwato, irin waɗanda aka gina tun muna hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, kafin a raba ta a 1976. Nan na yi karatu, nan kuma na kai babban ɗana aji ɗaya na babbar sakandare, duk da uwarsa ta so a kai shi makarantar kuɗi. Kun san yadda kuɗin makarantun nan ya koma, ba sai na faɗa ba.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan ya faru ne wata Laraba cikin watan Maris, da tsakar rana, lokacin da ko inuwar dogon yaro ba ta hana mutum zufa. Ina shago a Tsohuwar Kasuwa sai ga wani dattijo ya faka mashin, hularsa duk ƙura, ya yi sallama ya tambayi mahaifin wane. Na ce ni ne. Ya ce, "Alhaji, ni ne malamin ajin yaronka. Yau kwana huɗu ban sa shi a ido ba. Lafiya dai?" Wallahi sai da gabana ya faɗi, don kullum da safe yaron nan yana sa kayan makaranta ya karɓi kuɗin tara ya fita. Ashe gidan kallon ƙwallo yake laɓewa da wasu abokai.

Malamin nan bai da lambar wayata, wadda ke cikin rajista ta daina aiki. Gidana ya fara zuwa a Mabera, aka kwatanta masa shago, ya biyo ni da mansa. Na ɗauko ɗan abin da zai sa mai, ya ƙi karɓa. Na matsa, ya ce, "Alhaji, ka bar shi. Yaron yana da kan lissafi, shi ya sa na taho. Kar ka dake shi, ka kawo mini shi gobe da kanka." Na rasa abin cewa sai Allah Ya saka da alheri. A ranar da an tambaye ni, cewa zan yi babu makaranta kamarta a jihar nan.

Ya tuna mini da shugaban makarantarmu na da, wanda a wurin taron safe ba ya gajiya da gaya mana cewa a garin nan Sardauna ya riƙe alli a makarantar Midil (ta gaba da elementare a wancan zamani) bayan ya gama Kwalejin Katsina a 1931, kafin ya zama Sarkin Rabah a 1934, Shehu Shagari ma a Midil ɗin ya yi karatu ya dawo ya koyar. Yakan ce mu ma jikokin wannan tarbiyya ne. Na ɗauka irin malaman nan sun ƙare, ashe da saura.

To amma washegari na kai yaron, kuma da ban shiga ba da ya fi mini kwanciyar hankali. Ajin da na zauna a da, silin ya zazzago, tagogi babu ƙyaure, yara wasu a benci wasu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa. Ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a kulle, na leƙa ta taga, ƙura da kashin ɓera. Yaran da za su zauna WAEC da NECO kenan, a tambaye su abin da ba su taɓa riƙewa da hannu ba! Famfon burtsatse ya lalace, a cikin wannan zafi yara na sayen ruwan leda a bakin ƙofa. Ta wata ɓarakar katanga ma ɗana ke ficewa, shi ya nuna mini da kansa. Kuma fa duk zango ana karɓar kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai. Ina suke tafiya? Na tambaya a ofis, aka ce in jira taro. Har yau ba a kira taron ba.

Wani abin da ya ƙara ƙona mini rai, darasi takwas ko tara yaron ke yi, amma malami ɗaya ne ya lura ba ya nan. Sauran fa?

Yanzu dai ɗana ya nutsu, sakamakonsa na lissafi ya yi kyau, kuma duk Juma'a ina kiran malamin in ji halin da ake ciki. Ya gaya mini saura shekara biyu ya yi ritaya. Ƙanen yaron yana aji shida na firamare, uwarsa ta sake tayar da maganar makarantar kuɗi, wannan karon ban musa mata ba.