Akwatin kiran talotalon daji: walnot kan fofla ko fafulhat kan mahogani, ga abin da na gani

Akwatin kira guda biyu na saya a hannun wani dattijon masassaƙi a jihar Akansas ta Amurka, ɗaya murfinsa katakon walnot ne jikinsa kuma fofla, ɗayan murfin fafulhat jikin mahogani, duka aikin hannu, kuma na yi farautar bazara da su a dazukan kudancin Mizuri inda nake zaune. In gaya muku tun yanzu, na walnot ɗin shi ne kullum a aljihun rigar farautata, ɗayan sai ranar iska nake tunawa da shi. Amma bari in yi bayani dan kar wani ya ɗauka na fafulhat ɗin ba shi da kyau, yana da kyau sosai, aikinsa ne daban.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗan akwati ne dogo siriri, tsawonsa bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba, an rarake cikinsa, sai murfi mai mariƙi da aka ɗaure a kai ɗaya da sukuru da ɗan sifirin a ƙarƙashi. Ƙasan murfin a lanƙwashe yake, ana goga masa alli, in ka ja shi ya gogi leɓen akwatin sai ya fitar da kukan macen talotalo. Aikin allin nan daidai yake da aikin ƙaro a jikin izgar goge, in babu shi santsi kawai za ka ji babu sauti. A bazara lokacin barbara namijin yana jin kukan mace zai amsa da gulu-gulun nan nasa, in Allah ya sa ka iya sai ya tako har gabanka. Abin ya daɗe a Amurka, tun 1897 wani Henry Gibson ɗan Akansas ya yi rajistar irin wannan akwatin, daga baya M.L. Lynch ya fara ƙera nasa a Alabama wajen 1940 kuma har yau ana sayar da masu sunansa a shaguna, to kaga tsarin bai canja ba, katako da hannun maƙeri ne kawai suke bambanta.

Ƙa'idar da kusan duk masu sassaƙa abin nan suke bi ita ce murfi ya fi jiki tauri. Jikin ne yake rawa ya ba da sauti, murfin shi ne yake kaɗa shi. Akwai ma'aunin taurin katako da ake kira Janka, ana danna 'yar ƙwallon ƙarfe cikin katako har rabinta ya shige a ga nauyin fam nawa aka buƙata, to a wannan ma'aunin fofla wajen 540 take, batanot 490, jan sida 900, ceri 950, baƙin walnot 1010, mapul mai tauri 1450, fafulhat kuwa ya haura 2500. Kaga tsakanin walnot da fofla ratar ba ta kai ninki biyu ba, shi kuwa fafulhat ya kusa ninka mahogani sau uku, kuma wallahi kunne yana jin wannan bambancin tun a jan farko ba sai an gaya maka ba.

Na walnot kan fofla ɗin nan ba shi da wani kyan gani. Fofla katako ce fara-fara mai ɗan ratsin kore, mai arha, ita ake yin cikin durowa da ita, in ka ajiye shi kusa da ɗayan ba wanda zai kalle shi sau biyu. Amma muryarsa. Kukan mace gaɓa biyu ne, yana farawa sama siriri sannan ya karye ya faɗo ƙasa da kaushi, kyaa-wk, kyaa-wk, kuma wannan karyewar ita ce duk maganar, akwatin da bai karye ba fito kawai yake yi. Shi wannan da kansa yake karyewa, ba sai ka danna ba, nauyin murfin kaɗai ya isa, ka riƙe da yatsu biyu ka ja a hankali shikenan. Ɓangaren dama yana ba da muryar tsohuwar mace mai dusashshiyar murya, na hagu ya fi tsabta kamar budurwa, dan masassaƙin bai yi bangon biyu kauri ɗaya ba da gangan, to in ka sassauya sai ya zama kamar mata biyu ne suke magana a wajen. Abin da ya fi burge ni shi ne yana iya yin ƙasa-ƙasa. Akwai wata safiya a dajin Mark Twain da na jingina da gindin wani katon itacen ok, namiji ya tsaya a bayan tudu yana amsawa amma ya ƙi hawowa, kuma a irin wannan lokacin in ka ɗaga murya ka gama, zai tsaya ne yana jiran macen ta zo wajensa dan haka ɗabi'arsu take. Na ɗora akwatin a cinya, na ɗan taɓa murfin da babban yatsa ƙwat, ƙwat, sannan na ja shi a hankali ya yi ɗan gurnanin nan da suke yi in suna kiwo, na kuma shafi busassun ganye da hannu, can sai ga farin kan nan ya ɓullo ta saman tudun, gemu na reto. Bismillah ta ce sauran. Da na fafulhat ɗin ba zan iya wannan ƙasa-ƙasan ba, na gwada a gida har na gaji, ko dai ya yi shiru ko ya tsage.

Shi na fafulhat kan mahogani ƙarfi gare shi. Katakon murfin daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu yake zuwa, launinsa shunayya ne na asali ba fenti ba, ga nauyi, in ka ɗaga kana ji a hannu. Sautinsa sama yake, mai kaifi, yana tsaga iska, ranar da bishiyoyi ke kaɗawa ba ka jin komai sai huu, ko in kana gefen fili mai faɗi kana neman inda suke, shi ne zai sa namiji ya amsa daga tsallaken kwari inda na walnot ko rabin hanya ba zai kai ba. A wannan ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Matsalar ita ce in tsuntsu ya matso, kaifin ya yi yawa, a cikin kwarin da babu iska har amsa-kuwwa yake yi, kuma ni a kunnena bai yi kama da abu mai rai ba a kusa. Sannan yana da neman alli, saboda katakon a matse yake, allin baya zama, ka yi kira kaɗan sai ka ga wajen ya yi sheƙi ya fara ƙiii, dole ka sake gogawa. Launin ma ya fara komawa ruwan ƙasa mai duhu, haka fafulhat yake yi in yana shan rana, masassaƙin ya gaya min tun farko, to wanda zai saya dan launin ya sani.

Na kuma taɓa na abokan farauta. Jan sida ƙamshi kamar me, muryarsa akwai kaushi mai daɗi kuma tsofaffin maharban nan suna sonsa, sai dai yana da saurin tsagewa in ya faɗi, na ga wani da bangonsa ya dare daga zama a kai cikin mota. Walnot kan batanot ya yi kusa da nawa, ya ma fi laushi, da zan ƙara saye shi zan saya. Osej orenj, rawayan katakon nan da mutanen asalin ƙasar suke yin baka da shi, taurinsa ajin fafulhat ne kuma ƙararsa haka. Akwai kuma paduk, wanda na yi mamakin ganinsa dan daga wajenmu yake zuwa, Kamaru da kudancin Najeriya da Kongo, ɗan uwan madobiya ne, kamar yadda mahogani yake dangi ɗaya da maɗaci. Sautinsa yana da kyau amma ni ba zan shiga dajin gwamnati da shi ba, saboda ja ne, kuma duk wanda ya yi karatun lasisin farauta a nan an gaya masa ya guji ja da fari da shuɗi a farautar talotalo, launukan kan namijin kenan, kai ka zauna cikin duhuwa kana kukan talotalo ga jan abu yana motsi a hannunka, ba ka san wa ke lallaɓowa da bindiga ba. Wannan ba abin wasa ba ne.

Duk da haka kar a ɗora komai a kan sunan katako. Na ji wani walnot kan fofla na kamfani a shago, katako iri ɗaya da nawa, sautin ko kusa, a mace yake. Bambancin yana wajen kaurin bango da lanƙwasar leɓe da bushewar katakon. Dattijon nan daga dunƙulen katako ɗaya yake rarake jikin ba haɗi da gam ba, kuma ya nuna min yadda yake kankare bangon kaɗan-kaɗan yana jan murfi yana saurare, in ya wuce da kankara ɗaya akwatin ya tafi wuta. Katakonsa shekaru yake yi a rumfa kafin ya taɓa, ya ce ko itace ɗaya ne, allon gindi da na sama ba murya ɗaya suke bayarwa ba. Zanen sara-sara da ake yi a gefen wasu, irin wanda Neil Cost na Karolina ta Kudu ya yi suna da shi, shi ma ba ado kaɗai ba ne, rage kaurin bango yake ana daidaita sauti da shi.

Aibin da duka biyun suka yi tarayya a kai shi ne ruwa. Raɓa kaɗan ko yayyafi ya taɓa allin, shikenan sun zama kurame, kuma bazarar Mizuri ba ta rabo da ruwa, ni a cikin leda nake saka su in kira daga cikin ledar. Fofla ta fi saurin shan danshi, ranar laima muryarta tana yin ƙasa. Suna kuma cin hannu biyu, in tsuntsu ya fito fili dole ka ajiye dan idonsu ba ya barin motsi, shi ya sa nake haɗawa da ɗan abin kira na baki. In kana tafiya kuma murfin yana ƙara da kansa sai ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Alli kar a sa na allon makaranta, yana da maiƙo, akwai nasu na musamman marar mai, kar kuma a taɓa ƙasan murfin da yatsa, kar a kusanci leɓen da samfefa. Sukurun na mahogani ɗin ya ɗan saki bayan wani lokaci sautin ya canja, na kira mutumin ya ce in riƙa juya shi rubu'in zagaye, rubu'in zagaye, ina saurare har ya dawo, kuma ya dawo. Ƙorafina ɗaya a kansa jira ne, ya ce wata biyu, sai da kakar farauta ta kusa buɗewa a Afrilu sannan suka iso, duk wanda zai yi oda ya yi tun kaka.

Kuɗi, na walnot dala 110 na biya, na fafulhat 150, na shago za ka samu a ƙasa da rabin haka. Na farkon ya ci kuɗinsa har da riba, na biyun sai in kana farauta a fili ko wajen iska irin su Kansas da Nebraska, can ma shi zan ce ka fara saye. In daji mai duhu da tuddai kake shiga kuma guda ɗaya za ka iya saye, ka nemi walnot ko ceri a sama, fofla ko batanot a ƙasa. Ka ce maƙerin ya turo maka sautin ainihin akwatin da zai ba ka, a ɗauka a waje daga nesa ba cikin shago ba dan bango yana ƙara wa komai daɗi. Wanda kuma yake da hali ya je taron NWTF, ƙungiyar kula da talotalon daji ta Amurka, da ake yi a birnin Nashbil duk Fabrairu, maƙera suna baje kolinsu tebur-tebur kuma suna bari ka ja da hannunka, ka tafi da aboki ya tsaya can nesa ya gaya maka wanne ne ya karye daidai.