GARGAƊI ga masu dawaki: ku yi hattara da mai "allurar Dubai" ɗin nan

Salamu alaikum 'yan uwa masu dawaki, mahaya, 'yan barga, da iyayenmu masu riƙe da dawakin gidajen sarauta. Don Allah duk wanda wannan saƙon ya iske shi ya tura wa na kusa da shi, musamman yaran barga, don su ne aka fi cimma da maganar nan kafin ma maigida ya ji labari.

Akwai wani mutum da yake yawo a guruf-guruf na WhatsApp da TikTok yana tallar wata allura wai tana warkar da ɗingishin doki a kwana ɗaya. Yau ya ce "allurar Dubai" ce, gobe ya ce ta Ajantina ce wadda 'yan wasan folo suke amfani da ita a ɓoye, ciwon gaɓa, targaɗe, kumburin ƙafa, ciwon baya, duk wai allura ɗaya ta gama da su. Kama sunansa ba zai amfane ku da komai ba don sunan ba ɗaya ba ne, lambar waya ma canza ta yake yi, wani lokacin Dakta wane, wani lokacin Alhaji wane. Salon nasa ne ba ya canzawa, shi za ku riƙe.

Zai fara turo maka bidiyo, doki yana ɗingishi kamar zai faɗi, sai a yanke, sai ga dokin yana sukuwa. Ku dubi bidiyon da kyau, sau da yawa ko launin ƙafafun ba ɗaya ba ne, na farko mai farar ƙafa na biyu babu. In ka nuna sha'awa sai ya turo hoton wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa, ko babu takarda a jikinta gaba ɗaya ko kuma an liƙa mata wata sitika mai hoton doki da rubutun Larabci, babu sunan maganin da ke ciki, babu ƙarfinsa, babu ranar da aka yi shi balle ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC. Ka tambaye shi me ke ciki sai ya ce "Alhaji sirrin kamfani ne, kai dai ka gwada ka ba ni labari". Kuɗi kuma sai an fara turawa, kuma sunan da ke kan akawun ɗin daban da sunan da ya gaya maka, wai na yaronsa ne. Sannan ya ce zai ba direba a tasha. Wasu shiru kake ji, da alat ya shiga ya yi bulokin ɗinsu, kuma wallahi a ganina waɗannan su ne suka tsira, kuɗi kawai suka rasa. Waɗanda kwalbar ta iso hannunsu su ne abin tausayi.

Kuma ya san lokacin da yake fitowa. Gab da Sallah, lokacin da mutum ya kashe kuɗi ya ɗinka kaya ya gyara sirdi da linzami, an sa sunansa a tawaga, ga Hawan Daushe ga Hawan Nassarawa ko Hawan Bariki na tafe, sai doki ya wayi gari yana ɗaga ƙafa. Ko yaran nan masu ba da hayar doki a hawan angwanci da kilisa, wanda in dokin ya kwanta cinikin mako ya tafi. Mutumin da ke cikin wannan halin ko me ka ce masa zai saya.

A unguwarmu an yi wa wani ingarma, doki mai kyau wallahi. Ɗingishi ya fara da ƙafar gaba, yaron barga ya karɓo kwalbar ya danna masa a naman wuya kamar yadda mutumin ya ce, washegari doki ya miƙe garau, kowa na sa albarka, aka ɗaura sirdi aka fita. Bayan an dawo aka ƙara masa wata. Daga nan sai wuya ya kumbura ya yi zafi har dokin ba ya iya sunkuyar da kai ya ci harawa, ga shan ruwa ba ƙaƙƙautawa ga fitsari, sai kuma zawo, ƙafar da ake magana kuwa ta koma ta fi da muni. Da aka kira likitan dabbobi ya duba kofaton sai ga ƙurji a ciki, mugunya ce ta taru, abin da da tun farko an buɗe an wanke an ɗaure da an wuce wurin. Likitan ya ce wannan shan ruwa da fitsarin alama ce irin ta wani maganin kumburi da ake kira deksametazon, kuma da wuya a ce ba a gauraya shi da wani maganin kashe zafi ba. Mai allura kuwa lambarsa ta daina shiga.

To bari in ɗan yi bayanin magungunan gaskiya, don wannan mutumin da jahilcinmu yake cin abinci. Maganin kumburi da zafin ciwo na doki ba wani sirri ba ne, sanannu ne, kowane likitan dabbobi ya san su. Akwai fenilbutazon, wanda 'yan folo da 'yan sukuwa ke ce wa biyut, shi ne aka fi bayarwa a ciwon ƙafa da gaɓa, akwai na gari ko na liƙi da ake bayarwa ta baki akwai na allura. Akwai fuluniksin, wasu sun fi saninsa da Banamine, an fi amfani da shi in ciki ya murɗa. Akwai meloksikam da ketofurofen, duk dangi ɗaya ne. Sai kuma deksametazon, shi gidansu daban, dangin magungunan da ake kira sitiroyid ne. Duk magunguna ne masu amfani in likita ya auna ya bayar, kuma duk cikinsu babu wanda yake ɗinke agara ko ya haɗa ƙashin da ya tsage ko ya fitar da mugunya daga kofato. Zafi da kumburi suke saukarwa, shi ke nan.

Kuma da awo ake ba da su, da nauyin doki. Fenilbutazon tsakanin miligiram 2.2 zuwa 4.4 ne a kowane kilo na nauyin dokin, fuluniksin miligiram 1.1, kuma tazarar da ke tsakanin abin da zai yi magani da abin da zai yi ɓarna a fenilbutazon 'yar kaɗan ce. Shi kuwa wannan bawan Allah cewa yake "ka cika sirinji", dukushi ne ko ingarma, ramamme ne ko mai ƙiba, duk sirinji ɗaya. Ta yaya ma za a yi awo da ruwan da ba a rubuta ƙarfinsa ba?

Maganar wurin da ake yin allurar ita ce ta fi tayar min da hankali. Fenilbutazon na allura a jijiyar jini kawai ake yin sa, in ya zuba a gefen jijiyar ko aka danna shi a tsoka yana ƙona naman wurin, ya kumbura ya ruɓe har fata ta zube. Fuluniksin ma in aka yi shi a tsoka akwai haɗarin wata muguwar ƙwayar cuta ta tashi a wurin, naman ya kumbura ya tara iska, in ka danna ka ji yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin fata, kuma wannan yana kashe doki cikin 'yan kwanaki in ba a yi gaggawa ba. Wanda kuma ya ce shi gwani ne zai nemi jijiya da kansa, a wuyan doki akwai babbar hanyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa a bayan wadda ake nema, in allura ta zarce can doki nan take zai zube yana shure-shure a gabanka.

Sai abin da ba a gani da ido. Irin waɗannan magungunan in an yawaita ko an daɗe ana bayarwa ko an haɗa biyu lokaci ɗaya suna kawo gyambon ciki, har a baki ma, suna cin wani sashe na babban hanji ta ɓangaren dama, doki ya kama zawo ya rame, ƙarƙashin cikinsa ya tara ruwa. Ƙoda kuma ta fi shan wahala in jikin dokin babu ruwa. To ku tuna yadda ranar hawa take, doki tun safe yana tsaye a rana da kaya masu nauyi, ga gumi, ga shi wasu ba sa ba shi ruwa sai an sauka, a haka kuma jikinsa cike da maganin da ba a auna ba. Shi kuma deksametazon yana raunana garkuwar jiki, in akwai mugunya a wani wuri sai ta samu sarari, sannan irin su sitiroyid ana jin tsoronsu wajen tayar da ciwon nan na cikin kofato, musamman a doki mai ƙiba wanda ake ɗura wa gero da dusa, inda naman da ke riƙe ƙashi da kofato yake kumbura ya saki, ka ga doki ya miƙa ƙafafun gaba ya jingina baya, kofato da zafi, ba ya son takawa. Wanda ya taɓa ganin wannan ciwon ba ya fatan ya sake gani.

Wani zai ce ai ni na gwada kuma dokina ya miƙe. Eh zai miƙe mana, ba a ce ba ya kashe zafi ba. Ɗingishin nan shi ne bakin doki, da shi yake gaya maka akwai matsala, kuma da shi yake kare ƙafar kada ya ɗora mata nauyi. Ka yi masa allura ka hau, kamar mai ciwon haƙori ne ya sha maganin zafi ya koma tauna ƙashi. Agarar da ta ɗan yage sai ta ƙarasa, ƙashin da ya ɗan tsage sai ya karye gaba ɗaya, kuma mun san doki in ya karye a ƙafa yawanci ƙarshensa ke nan.

Mafi yawan ɗingishi a ƙafar gaba yake, don ita ke ɗauke da wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyin doki, kuma galibi daga gwiwa zuwa ƙasa ne, kofato ma ya fi yawa. Shi ya sa likitan kirki kofato yake fara ɗagawa, ya kankare ya matsa ya ga ko ƙusa ce ko dutse ko ƙurji, ya sa a ja dokin yana kallon kansa, don doki yana ɗaga kai sama ne daidai lokacin da ƙafar gaba mai ciwon ta taɓa ƙasa. In ƙusa ya taka har da maganar tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, kuma doki na cikin dabbobin da ya fi kamawa. Duk wannan wanne ne ake ganewa ta waya? Mutumin ko hoton dokinka bai nema ba.

In kumburi ne sabo a ƙafa, abin da za ka iya yi kafin likita ya zo ba ya cin ko sisi, ka sauke sirdi, a bar shi a turke a wuri mai laushi, a riƙa kwarara wa wurin ruwan sanyi kamar minti 15 zuwa 20 sau biyu ko uku a rana, a rage hatsi tunda ba ya aiki. Ciwon agara kuwa watanni yake ɗauka, wani ya kai shida wani har shekara, da hutu da ɗan jan sa a hankali ana ƙarawa. Na san wannan ita ce maganar da ba ma son ji, hawan bana ya wuce ka, ka ari doki ko ka haƙura.

Yanzu kuma ya ƙaro wani sabon salo, wai zai turo "yaronsa" ya yi allura a cikin gaɓa kai tsaye, kuɗinta daban. Allurar gaɓa gaskiya ce ana yin ta, amma aikin ƙwararren likita ne, sai an wanke wurin an sake wankewa, da safar hannu da sabuwar allura, domin ƙwayar cuta kaɗan ta shiga gaɓa to gaɓar na iya lalacewa har abada. Kada ku bar wani ya yi wannan a tsakiyar barga kan kashin doki.

Masu sayen doki ku ma abin ya shafe ku, don wasu dillalai marasa tsoron Allah sun gano kwalbar, a yi wa gurgun doki da daddare a kawo maka da safe yana rawa. In za ka sayi doki mai tsada ka nemi a bar maka shi a bargarka na kamar mako guda kafin ka cika kuɗi, kai ke ba shi ci da sha, maganin zai sake shi ka ga ainihin tafiyarsa. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ka san da walakin.

Sannan fenilbutazon ba a yarda a ba dabbar da za a ci namanta ba, domin a jikin mutum yana iya lalata ɓargo ya hana shi yin jini, shi ya sa hankali ya tashi a Turai a 2013 da aka samu naman doki a cikin abincin da aka ce na shanu ne, aka shiga gwajin ko akwai maganin a ciki. Na faɗi haka ne don na ji mutumin yana cewa allurar tana yi wa shanu da ragunan layya ma. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada a gwiwarsa.

Wanda ya riga ya yi wa dokinsa, ya tsaya haka kada ya ƙara, kada kuma ya ɗora wani maganin zafi a kai. A ajiye masa ruwa wadatacce, a sa ido a kan cinsa da kashinsa da fitsarinsa da wurin da aka yi allurar, a riƙa taɓa kofato ana jin ko ya yi zafi, a kira likita a gaya masa gaskiyar ranar da aka yi da yawan da aka yi, ɓoyewa don kunya ba ta da amfani. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha, akwai asibitocin koyarwa na likitan dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. Duk wanda ya ce maka shi dakta ne ka tambaye shi lambar rajistarsa ta hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa, VCN, na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar. Kwalbar kuma kada a yar, a ɗaure ta a leda a ajiye inda yara ba za su kai ba, a haɗa da hoton hirarku da shaidar tura kuɗi da lambar akawun ɗin a kai ofishin NAFDAC na jiharku, kuɗin kuma a kai ƙorafi banki da wurin 'yan sanda tun bai kwashe ya rufe akawun ɗin ba.